Doguwar Waya da Fangalin Inna

Ban taɓa sanin gidanmu ya sayi irin albasa ba. A ƙasar Aliero wannan abin faɗa ne, don kowa da albasa yake kwana yake tashi, amma ba kowa ke da irin kansa ba. Baba yana da nasa, kuma daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi. Tun ina ƙarama nake ganin yadda ake yi. In an cire albasa an jera a rudu, wato rumbun karan da take shan iska a ciki, sai Baba ya bi ya tsince manya, jajaye, masu siririn wuya, ya ware su gefe. Waɗannan ba na kasuwa ba ne, ba na miya ba ne, mu yara ko kallonsu muka cika yi sai an kore mu. Da damina ta ɗauke sai ya mayar da su ƙasa, su fitar da dogayen sanduna, kan kowace sanda da farin fure a dunƙule kamar curin fura. A cikin furen nan ƙwayar take. In ta ƙosa a yanko kawunan a kawo gida, Inna ta murje, ta sheƙe, ta ɗura a gora ta rataye a ɗakinta.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya yi mana ɓarna a ƙarshen damina. Baba ya riga ya yafa duk abin da ke cikin gorar, ya tsiro gwanin sha'awa, sai fadama ta cika ta kwanta a kansa. Da ruwan ya janye babu ko tsinke. Dashen da aka yi a lambu a shekarar na maƙwabta ne, kowa ya ɗan tsakuro mana. Abin da ya rage na irin gidanmu duk duniya shi ne manyan albasar nan da Baba ya ware tun bara, ya dasa su a 'yan fangula can ƙarshen lambu. In sun yi ƙwaya, iri ya tsira. In sun bushe kafin nan, shi ke nan, sai dai labari.

Ni ina Jega, can nake aure, can kuma nake koyar da Fiziks a makarantar 'yan mata. Baba yana alfahari da ni ƙwarai, ba na musun wannan. In baƙo ya zo sai ya ce ɗiyarsa malamar boko ce, tana karantar da wutar lantarki. Amma a ransa karatuna abin allo ne da alli, bai ga ta inda ya haɗu da lambu ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wannan ya sa ina da bakin faɗa masa abin da sauran ba su iya faɗa, ni kuwa dama Allah ya hore mini baki.

Yayana, wanda ke fataucin albasa, shi ya sayo masa famfon sola bayan tsohon injin fetur ya gaji ya kwanta. Farantai biyu ne da ɗan famfo da ake zurawa cikin rijiya. Mai haɗawa ya ce a kafa farantan kusa da rijiyar, Baba ya ce a'a, a kai su kan tudu wajen rudu. Tsakanin tudun nan da rijiya akwai tafiya, sai ka ɗaga murya kafin na can ya ji ka. Aka sayo doguwar waya siririya aka ja. Duk lokacin sanyi famfo ya yi aiki, ruwa na gudu, Baba na zaune yana kallo yana salati, mutumin da ya fara ban ruwa da jigo. Ba wanda ya sake tuna maganar waya.

Da zafi ya fara shigowa, ran wata Alhamis, sai Yaya ya kira ni. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malama, tsohonki hwa ya koma guga."

Na ce, "Guga kuma? Ina hwamho?"

"Shina nan shina gurnani, ruwa ba su hitowa. Na ce mai in sawo babba, ya ƙi. Na ce to a bar irin ga, baɗi mu sawo na kasuwa awa kowa. Yau kwana biyu ko gaisuwata da ƙyar shi ka amsawa."

Na ce masa shi ma ya san abin da ya faɗa. Wa ke ce wa Baba ya sayi iri a kasuwa?

Washegari da hantsi na ari mita a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, 'yar na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, na jefa a jaka na hau mota. A Aliero na sauka na hau babur zuwa ƙauyenmu, kusa da Kashin Zama. Ban ko shiga gida ba, na ce mai babur ya wuce da ni fadama.

Daga nesa na hango shi. Ya tuɓe riga, ya ɗaure wando da igiya, yana jan guga yana juyewa a bokiti, ya ɗauka ya nufi ƙarshen lambu yana tangaɗi. Mutumin da gemunsa ba sauran baƙi! Raina ya ɓaci, kuma tausayi ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Fangulan iri kuwa sun yi fure fari fat, ƙudan zuma na ta kai da kawo, amma sandunan sun fara sunkuyar da kai, bakin ganyen ya yi ruwan ɗorawa. Abin da yake zubawa da bokiti ƙasa na shanye shi kafin ya juya baya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Uwata, ke ta da ranag ga? Ina ɗiyan makaranta?"

"Suna can, Baba. Na zaka in ga mara lahiya."

"Hwamho dai na ya gaji. Kayan zamani ba su da ƙashi. Amma wuta kam akwai ta, taho ki ji."

Ya ja ni zuwa inda wayar ta bi ta ƙarƙashin inuwar wata bishiyar mangwaro, ya ɗora hannuna a kai. Da ɗumi, ko a inuwa. Ya dube ni yana murmushin wanda ya kafa hujja.

"Kin ji ko? Kullum sai na taɓa ta. In nij ji ta da ɗumi sai hankalina shi kwanta, in ce wuta na tahowa da ƙarhinta."

Da ɗaya daga cikin ɗalibaina ce ta faɗi haka, da ta ji daga gare ni. Amma Baba ne, kuma in ka duba, tunaninsa ba na banza ba ne. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne wuta in tana da ƙarfi zafi take yi, murhu haka, maƙera haka. Na cije dariyata na ce, "Baba, ɗumin ga shi na ɓarawon."

Yaya ya iso a kan babur ɗinsa, na sa shi ya tsaya wajen famfo ya bar shi a kunne. Rana ta take sosai, ba gajimare ko ɗaya. Na hau tudu na ɗora bakin mita a inda waya ta fito daga farantai, ta nuna bolt talatin da shida. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda tsayin tudu ke tura ruwa ya gangara. Na sauko, hijabina na kwasar ƙaiƙayi, na auna a bakin rijiya inda waya ta shiga famfo, ta nuna ashirin da huɗu. Sannan muka kashe, na kwance waya ɗaya na sa mitar a tsakani yadda duk wutar za ta ratsa ta cikinta, muka sake kunnawa. Amfiya shida. Amfiya kuma yawan wutar da ke gudu ke nan, kamar yawan ruwan da ke wucewa a kwata.

Na share ƙasa da tafin hannu, na karyo kara na zauna. Baba ya tsuguna a gabana, Yaya na tsaye yana fifita da hula.

Lissafin nan na rubuta shi a allo ban san iyaka ba, har na kan yi shi ina tunanin abin da zan dafa. Ranar nan kuwa a hankali na bi shi, lamba bayan lamba. Talatin da shida ta taso, ashirin da huɗu ta iso, sha biyu ta maƙale a hanya. In kana son ka san taurin kan hanya, abin da muke kira turjiya, sai ka raba bolt ɗin da ya ɓace da amfiya. Sha biyu a raba shida, biyu. Om biyu ke nan, kuma ga ɗan famfo irin wannan, om biyu a waya kaɗai abu ne mai yawa. In kuma kana son sanin aikin da wuta ke yi, sai ka ninka bolt da amfiya, ya ba ka wat. Farantai na ba da talatin da shida sau shida, ɗari biyu da sha shida. Famfo na samun ashirin da huɗu sau shida, ɗari da arba'in da huɗu. Saba'in da biyun da suka rage su ne Baba ke taɓawa kullum yana jin daɗi.

Yaya ya ce, "To Malama, a hwaɗa muna da Hausa."

Na ce, "Baba, in ka ja kwata mai tsawo cikin rairayi, ka zuba tulu ukku a bakinta, nawa ka isa hwangali?"

"Ya danganta ga tsawonta. Wata kwatar sai ta shanye guda."

"To wayag ga ta shanye guda. Tulu ukku ka tasowa daga tudu, biyu ka isowa. Da sanyi ruwan rijiya na kusa, biyun sun isa su ɗago su. Yanzu ruwa sun yi ƙasa, hwamho na biɗar ukkun duka. Lahiyatai lau, yunwa shi ka ji."

Baba ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasa, shi da bai san lambar boko ba. Sannan ya juya ya bi wayar da ido tun daga rijiya har tudu. Ya girgiza kai ya yi dariya, irin dariyar wanda aka daɗe ana yi wa wayo.

"Ashe waya ma shan wuta ta ka yi awa kwata. Ni ko ina ta shahwa ta ina sa mata albarka!"

Daɗi ya kama ni, ban ɓoye ba. Shekaru ina koyar da abin nan, ban taɓa samun ɗalibin da ya kama shi da sauri haka ba. Cikin zumuɗi na miƙe na ce maganin mai sauƙi ne, a gajarta kwatar. A sauko da farantai bakin rijiya, waya ta zama 'yar guntuwa, turjiya ta koma kusan babu. Na waiga ina neman wuri. Gabas da rijiya hanyar ruwa ce, arewa inuwar mangwaro, yamma kuma gonar maƙwabci. Wuri ɗaya ne rana ke wuni a kansa, dab da bakin rijiyar ta kudu. Na nuna shi da karan hannuna na ce, "Ga wuri nan, a tuge yakuwag ga kawai."

Dariyar Baba ta ɗauke. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ɗauki gugansa.

"Ɓarayi na iya ɗauke su nan," in ji shi.

Na ce, "Baba, tudu ya hi kusa da hanya."

"Awaki na iya hawa."

"Wace akuya ka shigowa lambun ga, da shingen ƙaya?"

Yaya ya taka mini ƙafa. Sai a lokacin na dubi wurin da kyau, na ga abin da na nuna. Fangalin Inna ne.

Tun kafin a haife mu, da aka kawo Inna daga Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama, Baba ya yanka mata fangalin da ya fi kusa da rijiya ya ce nata ne, ta shuka kayan miyarta ba sai ta yi nisa da ruwa ba. Yakuwa take sawa, da ɗan alayyaho da barkono a gefe. Muna yara nan muke zama in ta zo tsinka da yamma. Shekaru da yawa ke nan ciwon gwiwa ya hana ta zuwa fadama, ko masallacin Idi sai an kai ta. Amma fangalin bai taɓa zama fayau ba. Baba ke shuka shi, shi ke cire ciyawa, kuma duk ranar ban ruwa, da jigo ne ko da inji, nan yake fara buɗe wa ruwa kafin ko'ina. Da yamma ya tsinko 'yar yakuwa ya cusa a aljihun riga, in ya shiga gida ya ajiye a bakin ƙofarta ba tare da ya ce komai ba. Mun saba gani har mun daina gani. Kuma ko za a yanka shi ba zai buɗe baki ya ce don matarsa ya kai farantai tudu ba. Mutanenmu ba su faɗin irin wannan.

Kunya ta rufe ni. Na koma na tsuguna a gaban lissafina kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Na ce akwai wata dabara. In aka ja waya ta biyu kusa da ta farko aka haɗa bakunansu, kamar an faɗaɗa kwata ne, turjiya za ta rabu biyu, ta koma om ɗaya. Maimakon bolt sha biyu, shida za su ɓace, famfo ya samu kusan talatin.

Baba ya ajiye guga nan take. "To ai shi ke nan! Uwata, mi kika tsaya jira?"

Na ce ban yi alkawarin zai isa ba. Bai ma saurare ni ba.

Yaya ya tafi Jega da yammar ya sawo waya, washegari muka ja ta. Da rana ta take, famfo ya canza murya, ruwa ya leƙo bakin tiyo. Baba ya yi kabbara. Amma abin da ya fito bai fi na bakin buta ba, kuma da rana ta ɗan karkata ya ɗauke. Ya jiƙa fangalin Inna, ya bi kwata kaɗan, ƙasa ta shanye shi tun bai kai rabin hanyar fangulan iri ba. Na auna, lissafina daidai yake, talatin ɗin ta iso. Ruwan rijiyar ne ya yi nisan da talatin ba ta isa. Yaya ya ce a ƙara ta uku. Na ce ko ta huɗu aka ƙara wani abu zai ɓace a hanya, ruwa kuma kullum ƙara sauka yake, furen nan ba zai jira mu gama gwaje-gwaje ba. Baba ya sake ɗaure wandonsa ya koma guga.

Da la'asar na shiga gida a gajiye, fuskata a murtuke. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu tana tsince shinkafa. Ta dube ni sau ɗaya.

"Ke ɗiyag ga, wa yat taɓa ki?"

Na ce ba kowa. Ta ce to in ba kowa in ɗauki tsintsiya in share fuskata. Sai na zauna na kwashe duka na faɗa mata, har da tulu uku, har da wurin da rana ke wuni. Ban ce fangalinta ne ba, na ce kudu da rijiya. Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Kudu da rijiya," ta maimaita. "Shi yac ce a'a?"

"Ya ce ɓarayi. Ya ce awaki."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Na ga ta goge ido da bakin zane, na yi kamar ban gani ba. Can ta ɗago ta nuna mini cikin ɗaki da haɓa. Gorar iri na rataye a inda take tun ina yarinya, bakinta a buɗe, ba komai a ciki.

"Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa ganin gorag ga wohi ba sai bana. Shi ka shukawa, amma ɗakina iri ka kwana. Yakuwa ko, wace kasuwa ta babu ta? Hwaɗa ma yayanki gobe shi zaka da keke mai ƙahwa ukku. Za ni fadama."

Na ce, "Inna, gwiwakki hwa?"

"Ba da gwiwa za ni tuge ta ba."

Da safe muka ɗora ta a keke, ni da Yaya muna riƙe da ita ta kowane gefe, hanya na ta jijjiga mu tana ta faɗa wa mai keken ya yi a hankali ba buhun albasa ya ɗauko ba. Duk wanda muka wuce a lambunsa sai ya miƙe ya gaishe ta, don an daɗe ba a gan ta a wajen ba. Ita kuwa tana ta kallo, tana cewa wancan mangwaron da ta sani ɗan ƙarami ne, wancan shingen da ba ya nan.

Baba na bakin rijiya da guga a hannu. Da ya ga wadda ake saukowa da ita, sai ya saki igiyar, guga ya koma ciki da ƙara. Ya rarumi rigarsa ya sa, bai ma lura a bai-bai take ba.

"Mi yak kawo ki? Wa yac ce a taho da ke?"

"Na zaka ganin hwangalina, Malam. Ko an hana?"

Muka kai ta bakin fangalin muka shimfiɗa mata buhu ta zauna. Ta shafa ganyen yakuwar, ta tsinki ɗaya ta sa a baki, ta ce ta yi kyau, an kula da ita. Sannan ta kama gindin wadda ta fi kusa da ita da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta tuge. Ta kaɗe ƙasar saiwar ta ajiye gefe, ta kama ta biyu.

Baba ya ce, "Ke!"

"Nawa na ko ba nawa ba?"

Ta tuge ta biyun, ta ajiye kusa da ta farko.

"To na ba iri aro. Ku kuma kun tsaya kallona? Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, ubanku bai taɓa tsayawa kallon aiki ba."

Muka duƙa ni da Yaya. Baba ya ɗan jima a tsaye, sannan ya zo ya tsuguna a ɗaya gefen, ya fara tugewa a hankali, yana jera su a kan buhu kusa da ita, saiwa gefe ɗaya, ganye gefe ɗaya.

Maƙwabta biyu suka taya Yaya sauko da farantan. Aka kafa su a kan sanduna masu ɗan tsayi, aka fuskantar da su kudu, na yanke waya na bar guntuwa, na riɓa ta biyu don ta ƙara kauri, na ɗaure bakunan da kyau. Kafin mu gama rana ta take. Na ɗora mita a bakin famfo, ta nuna talatin da shida saura ƙiris. Na ce wa Yaya ya kunna.

Tiyon ya yi tari, ya yi tsalle, sai ga ruwa cike da bakinsa, mai sanyi, yana faɗawa kwata da ƙarfi. Na yi guɗa, ni malamar makaranta, a tsakiyar fadama, ban damu da wa ke ji ba. Yaya na dariya yana cewa ashe allo na ba da ruwa. Baba ya kai hannu ya taɓa guntuwar wayar, ya ji ta ba ɗumi, ya gyaɗa kai.

Sannan ya ɗauki fartanya don ya ba ruwa hanya. Muna kallo ya sa ta a bakin fangalin farko ya buɗe, kamar yadda hannunsa ya saba tun kafin a haife mu. Ruwa ya kwarara ƙarƙashin farantai, ya bazu a kan ƙasar da ba komai a cikinta sai ramukan saiwa. Yana tsaye yana kallo, bai ankara ba.

Inna ta bar shi har wurin ya jiƙa. Sannan ta ce a hankali, "Malam, na sha. Kai ma iri ruwan."

Ya toshe da sauri, ya buɗe babbar kwata, ya bi ruwan a baya har ƙarshen lambu bai waiwayo ba.

Iri ya yi. Ba duka ba, kawunan da suka riga suka sunkuya sosai ba su tashi ba, amma abin da aka yanko ya cika gorar har wuya, Inna ta toshe ta da tsumma ta rataye. Albasar da ke rudunmu yau jikokin waɗannan ne, jajaye masu siririn wuya. Ni kuma duk shekara in na zo wannan darasi a aji, da tulu uku nake farawa, kuma lambobin nan nake ba yara, talatin da shida, ashirin da huɗu, shida. Suna cewa Malama na son waɗannan lambobi, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Bayan wasu makonni na je gida, na tarar da 'yar yakuwa a bakin ƙofar Inna, ganyen ƙanana, ba su yi jan kirki ba. Na tambaye ta daga ina. Ta ce in je in tambayi ubana. Da na je fadama na leƙa ƙarƙashin farantai, sai ga ta nan ta tsiro da kanta daga 'ya'yan da suka zube, siririya saboda inuwa, ƙasar gindinta a jiƙe. Baba na can ƙarshen lambu, ya ga ina leƙe, ya ɗaga murya.

"Uwata, wagga ba ta shan wuta ko?"

Na ce ba ta sha, Baba.

"To a bar ta."